Makarantar Gidan Mozart

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai da malamanmu, mai koya wa 'ya'yansa kiɗa a gida yakan rasa littafin da zai fara da shi. To, ga yadda wani uba ya yi.

A garin Salzburg, wanda yanzu yake ƙasar Ostiriya, an yi wani makaɗin fada wai shi Leopold Mozart. 'Ya'yansa biyu, Nannerl da Wolfgang, a gida ya koya musu karatu da lissafi da kiɗa. A 1759 ya haɗa wa Nannerl littafi na musamman, ya fara da kiɗe-kiɗe masu sauƙi don ta riƙa gwadawa a kan hafsikod, wato magabacin fiyano. Ƙanen kuwa yana gefe yana kasa kunne. A 1761, yana ɗan shekara biyar, ya ƙaga kiɗan kansa, uban ya rubuta a cikin littafin nan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai dai a 1769 uban ya tafi Italiya da Wolfgang, aka bar Nannerl a gida don ta isa aure. Ita ma ta ƙaga kiɗa, amma ko ɗaya bai iso gare mu ba. Iyaye, a riƙa tunawa da 'ya'ya mata.