Daga Marisuwa Zuwa Korona: Tarihin Waɗanda Suka Tashi Ba Su Warke Ba

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Sakkwato, ya kuma sami zama gaban tsofaffi, da wuya a ce bai taɓa jin an auna shekarun mutum da wata masifa ba. Sai ka ji an ce wane an haife shi shekarar fara, wance an yi mata aure bayan yunwa, wani kuwa a ce yana goye aka yi marisuwa. Wannan marisuwa ita ce annobar murar da ta game duniya a 1918. Masana tarihi sun yi ƙoƙari ƙwarai wajen ƙirga waɗanda ta kashe. To amma akwai wasu bayin Allah da ba su cika shiga lissafi ba, wato waɗanda suka kwanta, suka tashi, amma ciwon bai sake su ba sai bayan watanni ko shekaru. Su ne nake son mu duba a wannan maƙala, zan kuma tsaya a yankin da na fito, tsakanin Bodinga da Shagari, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Yankin da hanyarsa

Mai karatu da bai san wurin ba, idan ya fita daga birnin Sakkwato ya nufi Jega, zai fara isa Bodinga, daga nan Shagari, sannan Tambuwal. Ƙasa ce ta manoma gero da dawa da wake, da masu aikin fadama da rani, kuma ƙasa ce mai tarihi. A Sifawa, cikin yankin Bodinga, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna bayan yaƙe-yaƙen jihadi har zuwa 1815 da ya koma Sakkwato, inda ya rasu a 1817. Ƙanensa Malam Abdullahi kuwa a Bodinga ya zauna kafin ya tare a Gwandu. Shagari ita ce mahaifar Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a 1925, wato shekara bakwai bayan marisuwa.

Malaman wannan gida ba su bar maganar lafiya a baya ba. Malam Abdullahi yana da littafi mai suna Masalihul Insan, wanda ya haɗa abin da ke gyara addinin mutum da abin da ke gyara jikinsa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magunguna, har da na basur da na ciwon ido. Ashe ke nan idan marubucin yau ya ɗauki alƙalami a kan cuta da jinya, gado ya ɗauko.

Yadda marisuwa ta iso

Ana ƙarshen Yaƙin Duniya na Farko annobar ta ɓarke. Jiragen ruwa masu jigilar soja da kaya su suka yi ta yawo da ita. A watan Agusta na 1918 ta sauka Firitawun ta Saliyo, daga nan ta shiga ƙasar da ake kira Gana a yau, ranar 14 ga Satumba kuma wani jirgi mai suna Bida ya sauke ta a Ikko. Daga Ikko sai ta hau jirgin ƙasa, wanda dogonsa ya riga ya isa Kano tun 1911. Sakkwato ba ta da dogo, amma tana da fatake, da 'yan cirani, da almajirai, da manzannin sarakuna, ga kuma kasuwannin da ke ci kowane mako. Kafin shekarar ta fita, annobar ta ratsa lardunan Arewa. A lokacin Sarkin Musulmi Muhammadu Maiturare ke bisa gado, Gwamna Lugga kuma yana mulkin Nijeriya.

An ƙiyasta cewa a Nijeriya kaɗai mutum wajen 500,000 suka rasu, daga cikin al'ummar da ba ta wuce miliyan 18 ba, a duniya kuwa ana maganar kimanin miliyan 50. Abin da ya ƙara mata muni shi ne, ta fi kayar da majiya ƙarfi, 'yan shekara 20 zuwa 40, waɗanda su ne ƙashin bayan gona da gida. Ba wanda ya san abin da ke haddasa ta, har likitocin Turai, domin sai a 1933 aka gano ƙwayar bairos ɗin mura a Ingila. Babu rigakafi, babu kuma maganin ciwon huhun da ke biyo bayanta. Bugu da ƙari, a nan Arewa ta faɗo ne da kaka, lokacin da dawa ke jiran yanka, kuma shekara huɗu kacal bayan babbar yunwar 1914.

Abin da kakata ta gani

Kakata ta wajen uba, Allah ya jiƙanta, tana da kimanin shekara goma aka yi marisuwa, a wani ƙauye tsakanin Bodinga da Shagari. Ina yaro nakan zauna kusa da ita tana kaɗi, tana ba mu labari. Ba ta cika son maganar gawawwaki ba. Abin da ta fi maimaitawa shi ne halin da mahaifinta ya shiga. Ta ce kwana tara ya yi bai san inda kansa yake ba, ranar na goma ya buɗe ido ya nemi kunu, aka yi ta murna. Amma da damina ta faɗi, mutumin da ke kai kuyya goma bai miƙe ba, sai ga shi kuyya biyu yake yi ya nemi gindin itace yana haki. Tari ya zame masa abokin kwana. Wani lokaci sai ya tsaya tsakar gida ya manta abin da ya fito ɗauka.

Takan ce mana, "Ɗiyana, waɗanda sunka mutu sun huta. Mu da munka saura, mu munka san marisuwa."

Na tambaye ta yadda suka ci abinci a wannan shekara. Ta ce gayya aka yi masa, noman fari da maimai. Ƙanensa ya ɗauke masa haraji. Matan gida suka riƙa yi masa kunun kanwa da romo, da fura mai yaji, da sirace idan ƙirji ya cushe. Da hantsi a shimfiɗa masa tabarma ƙofar gida, masu wucewa su tsaya su yi masa sannu. Damina biyu aka yi haka kafin ya koma gona sosai, kuma har ya koma ga Allah bai sake ɗaukar damin dawa a ka ba. Abin lura a nan shi ne, ba wanda ya taɓa kiransa raggo. Kowa ya san abin da ya kayar da shi, domin babu gidan da ba ta shiga ba. Ciwon yana da suna, saboda haka mai jinya yana da haƙƙi.

Masu tabo a fili

Marisuwa ba ita kaɗai ce cutar bairos da ta bar mana ragowarta ba. Agana ta daɗe tana kisa, wanda ya tsira kuma ta bar masa zanzana a fuska, wani ma ta tafi da idonsa. Sai da aka yi gangamin lamba daga 1967 kafin a ga bayanta a Nijeriya a 1970, aka kuma bayyana ƙarewarta a duniya a 1980. Haka shan inna: zazzaɓin 'yan kwanaki ne, amma ƙafar da ta shanye ta shanye ke nan. Bayan doguwar gwagwarmaya, wadda Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar da sauran sarakunan Arewa suka sa hannu a cikinta, an bayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar ranar 25 ga Agusta, 2020. Waɗannan masu tabo a fili ne, ido yana ganinsu, zuciya tana tausaya musu. Wahalar ta fi yawa ga wanda tabonsa yake ciki.

Korona

Shekara 102 bayan marisuwa, sai ga korona. Ita ma ta Ikko ta shigo, amma ta jirgin sama, aka tabbatar da ita ranar 27 ga Fabrairu, 2020. A watan Afrilu aka sami mutum na farko a Kano, sannan a Sakkwato. Aka rufe makarantu, aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi, aka ce a sa takunkumi, a wannan shekara kuma ba maniyyacin da ya tashi daga Nijeriya zuwa Hajji. A Kano aka yi ta mace-macen dattawa, har Ministan Lafiya na lokacin, Dokta Osagie Ehanire, ya bayyana a watan Yuni cewa daga cikin mutum 979 da aka bincika rasuwarsu, kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya zama korona ce sanadi. Allurar rigakafi ba ta iso ƙasar nan ba sai a watan Maris na 2021.

Amma a ƙauyukanmu mutane da yawa ba su yarda akwai ta ba. Wasu suka ce ciwon masu kuɗi ne da masu hawa jirgi, wasu suka ce hanyar cin kuɗi ce kawai. Ga kuma tsoron killacewa, wanda ya sa mai tari ya riƙa danne tarinsa a cikin sahu.

Cikin azumin wannan shekara wani ƙanena, manomi mai shekara talatin da 'yan kai, ya kwanta da zazzaɓi da ciwon jiki. Aka ce maleriya ce, aka sha magani, aka yi sirace da ganyen darbejiya, itacen da ko a zamanin marisuwa bai zo ƙasar nan ba tukuna. Bayan mako biyu ya tashi. Sai dai ya daina jin ƙanshi, har daddawa a miya ba ya jin ta. Idan ya yi noman safiya ɗaya, sai ya kwana biyu a kwance kamar an yi masa duka. Zuciyarsa takan riƙa bugawa da sauri yana zaune, lissafin kuɗin taki kuma ya riƙa rikice masa.

A nan ne na ga bambancin zamani. Ba a yi masa gayya ba. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce iska ce, waɗanda suka fi rashin tausayi suka ce son jiki ne. Shi kansa kunya ta hana shi faɗin gaskiyar abin da yake ji. Wata rana na je dubiya, ya jawo ni gefe ya ce, "Yaya, wallahi ba ƙyuya nika yi ba. Jikin ne ba nawa ba." Rabin gonarsa ya tafi a ciyawa a wannan damina, ya sayar da tumaki biyu ya cike gurbin hatsi. Sai da shekara ta zagayo ƙanshi ya fara dawo masa.

Abin da likitoci suka gano

A watan Oktoba na 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba wannan hali suna da siffa. Ta ce idan mutum ya kai wata uku da kamuwa da korona, yana kuma fama da alamun da suka ɗauki aƙalla wata biyu, ba a kuma sami wani ciwon da zai bayyana su ba, to ragowar korona ce. Manyan alamun su ne kasala mai tsanani, da haki, da rikicewar tunani. Hukumar ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 6 cikin 100 da suka kamu sukan shiga wannan hali. Daga cikin dalilan da masana ke bincike akwai raunin da cutar ke bari a huhu, da garkuwar jiki da ke ci gaba da faɗa bayan abokin gaba ya tafi, da lahani ga jijiyoyi da ƙananan hanyoyin jini.

Shawarar da suke bayarwa kuwa, da kakata za ta ji ta, da ta yi dariya. Sun ce kada mai murmurewa ya tilasta wa jikinsa, ya raba aiki kaɗan-kaɗan, ya huta tun kafin gajiya ta kayar da shi, ya ci abinci mai kyau, ya sami barci, ya kuma sami masu ɗebe masa kewa. Sannu ba ta hana zuwa. Abin da suka ƙara, wanda mutanen 1918 ba su da shi, shi ne gwaji. Duk tarin da ya wuce mako biyu a je a duba ko tarin fuka ne, domin gwajinsa da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Haka ciwon ƙirji, da kumburin ƙafa, da haki ana zaune, ba abin da za a tsaya sirace a kansu ba ne.

Kammalawa

Ranar 5 ga Mayu, 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan korona. Kasuwanni sun cika, takunkumi ya ɓace, har an fara mantawa. Kakan mahaifina ya yi jinya ba likita ba asibiti, amma ƙauye ya tsaya masa. Ƙanena ya yi tasa a zamanin asibiti da wayar hannu, amma ya yi ta shi kaɗai, saboda an ƙi yarda da sunan ciwonsa.

'Yan'uwa marubuta, a nan aikinmu yake. Labaranmu cike suke da jarumin da ya kwanta asibiti a babi na biyar, ya tashi garau a babi na shida. Ina labarin matar da ta riƙe gida damina biyu mijinta yana zaune? Ina na saurayin da aka fasa ba shi mata don an ce ba ya iya noma? Waɗanda suka ga marisuwa da idonsu sun ƙare, abin da ya saura sai ɗan abin da jikoki suka riƙe. Amma waɗanda korona ta taɓa suna nan da ransu a Bodinga da Sifawa da Shagari, a kasuwa da masallaci da bakin rijiya. Mu je mu gaishe su, mu tambaye su yaya ƙarfin jiki, mu kuma tsaya mu saurari amsar, sannan mu rubuta.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti, amin.