Daga tayar keke zuwa zuciyar mutum

Bawul ɗin tayar keke yakan bar iska ta shiga, ya hana ta fita. Irin wannan ƙofa har huɗu ce cikin zuciyarmu. A 1628 likitan Ingila William Harvey ya nuna cewa jini hanya ɗaya yake bi yana kewaya jiki. In ƙofa ɗaya ta lalace, jini ya dinga komawa baya, mutum na haki har zuciya ta gaji.

An daɗe ba a iya sauya ƙofar ba. Sai a 1960, a Amurka, likita Albert Starr ya dasa wa majinyaci ƙwallon roba cikin ɗan keji, wanda suka ƙera tare da Lowell Edwards, tsohon injiniyan famfon man jirgin sama. Jini ya turo, ƙwallon ya ba da hanya. Ya juyo baya, ƙwallon ya toshe.

Abin da nake so iyaye da malamai su riƙe: a ƙasashenmu, ciwon maƙogwaro da aka bari ba magani yana cikin manyan abubuwan da ke lalata waɗannan ƙofofi ga yara. Wannan tiyata tana da tsada, penisilin kuwa araha ne. Yaro ya yi zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, a kai shi likita.