Ganga da mulki, daga Sakkwato zuwa Sin

Tun kafin Muhammadu Bello ya kafa birnin Sakkwato a 1809, maganar kiɗa ta riga ta shiga bakin malaman jihadi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a Kitabul Farƙi, ya sa shagala da kaɗe-kaɗe cikin aibun sarakunan Hausa. Ya yi sassauci ga gangar yaƙi da ta shela da kiɗan biki, amma ban da kiɗan holewa. Ƙanensa Abdullahi ya fi shi tsanani. Da ya ga jama'a sun fara karkata ga abin duniya, garaya da ganguna na komawa gidajen manya, sai ya bar rundunar jihadi da niyyar tafiya Makka, har ya tsaya a Kano ya rubuta Liya'ul Hukkami.

Masanan ƙasar Sin ma sun yi irin wannan ja-in-ja, shekaru fiye da dubu biyu kafin su. Konfushiyas, wanda aka haifa a 551 kafin Miladiyya, yana ganin kiɗa mai kyau gyaran hali ne, kuma a waƙar talakawa ake gane lafiyar mulki. An ruwaito cewa ya ji wani kiɗan fada a ƙasar Ci, ya yi wata uku bai san daɗin nama ba. Mozi kuwa ya ware babi guda yana sukar kiɗa: manomi ke biyan kuɗin ganguna da ƙararrawar sarki, ga shi da yunwa. Duk wanda ya karanta Abdullahi zai gane wannan zafin ran.

A wuraren biyu fada ba ta iya rabuwa da makaɗi ba. A 1790 aka kawo 'yan wasa daga lardin Anhui domin bikin cikar Sarki Ciyanlong shekara 80, daga nan wasan opera na Beijin ya samo tushe, da fentin fuska da siririyar murya. Mu kuma a nan, Salihu Jankiɗi ya riƙe sarautar Sarkin Taushi a fadar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, Ibrahim Narambaɗa yana kiɗan kotso ga Sarkin Gobir na Isa. Ni dai ban ɗauki Bakandamiya, waƙar Narambaɗa, abin raha ba. Akwai tunani a cikinta kan ilimi da ƙwarewa da matsayin mutum, tunanin da ya isa a zauna a yi darasi a kansa.

Sinawa sun ɗanɗani hani mai tsanani tsakanin 1966 da 1976, lokacin da Jiyang Cing, matar Shugaba Mao, ta kawar da tsoffin wasanni ta bar 'yan ƙalilan na juyin juya hali. Shekara goma bayan haka, a 1986, wani matashi mai busa ƙaho, Cui Jian, ya hau dandali a Beijin da jita, ya rera waƙar da ake ɗauka farkon kiɗan rok na Sin. Ɗalibai sun rera ta a dandalin Tiyananmen a 1989, daga baya aka daɗe ana hana shi manyan wasanni a birnin.

A tsakiyar waccan waƙa, bayan ƙarar jita, akwai busar suwona, wata tsohuwar abar busa ta bukukuwan ƙauye. 'Yar'uwar algaita ce, daga dangi ɗaya suka fito. Basakkwacen da ya taɓa tsayawa ƙofar fada ranar hawan salla, ya ga mai algaita ya kumbura kumatu yana busa ba ya yanke numfashi, da jin ta zai waiwaya.