Farfesa Nok da ƙudan tsando: yadda ake auna tauraro a duniyar masu bincike

Mai karatu, na san idan aka tambaye ka yadda ake gane fim ya yi kasuwa ba za ka yi wata-wata ba. A zamanin kaset, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai su ne alƙalai, su za su faɗa maka kwali nawa "Sangaya" ko "Wasila" suka ci. Marubuci kuma ana duba sau nawa aka sake buga littafinsa, da yadda ya tsufa a hannun masu haya. To amma shi mai binciken kimiyyar lafiya fa, wanda ba ya da fasta, ba ya da waƙa, kuma abin da ya rubuta mutum ɗari ma da ƙyar su karanta shi a ƙasarsa? Shi ma yana da nasa ma'aunin, kuma a wannan wata zan ba ka labarin ma'aunin ta hanyar wani mutumin jihar Kaduna, marigayi Farfesa Andrew Jonathan Nok, da ƙudan da ya ƙare rayuwarsa yana bin sawun ɓarnarsa.

Bari mu fara da ƙudan, domin ya girmi Farfesan nesa ba kusa ba. Ƙudan tsando shi ke ɗauke da ƙwayar cutar da ke sa wa mutum ciwon barci, ta sa wa shanu sammore. Tsohon ciwo ne ƙwarai. Ibn Khaldun ya rubuta cewa Sarkin Mali Mari Jata na biyu, wanda ya rasu wajejen 1373, barci ne ya dinga rinjayarsa har ya zama ajalinsa. Sai a 1895 wani likitan sojan Ingila, David Bruce, ya nuna cewa ƙwayar da ke kashe shanu a ƙasar Zulu tsando ne ke yaɗa ta, sannan a farkon shekarun 1900 aka gano irinta a jinin mutum a Gambiya.

A nan Arewa abin ya yi tsanani a shekarun 1930, musamman a ƙasar Zazzau. Har ta kai Turawa suka sare dazuzzukan bakin rafi a yankin Anchau, suka tayar da ƙauyuka, suka kafa sabon gari suka sa masa suna Takalafiya. Wani masanin ƙwari mai suna T.A.M. Nash na cikin jagororin aikin. Daga baya, a 1947, aka aza harsashin cibiyar binciken ciwon barci da sammore ta Afirka ta Yamma a Kaduna, da reshe a Vom, don ta yi wa Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya aiki. A 1964 ta koma hannun gwamnatin Nijeriya. Idan ka taɓa bin titin Surame da ke Unguwar Rimi, to ka wuce ta ƙofarta, wataƙila ba ka ma ɗaga kai ba. Da yawa daga cikin mazauna Kaduna ba su san cewa akwai lokacin da duk mai son sanin halin tsando a duniya sai ya karanta abin da aka rubuto daga wannan unguwa ba.

Ka riƙe wannan kalma, "karanta", don nan ma'aunin yake. Masanin kimiyya idan ya gano wani abu, yakan rubuta maƙala ya aika wa mujallar fanninsa. Edita zai tura wa wasu masana biyu ko uku su tankaɗe ta su rairaye, sau da yawa ma su dawo da ita. Idan ta fito, duk wanda ya zo daga baya ya ɗora aikinsa a kanta wajibi ne ya ambace ta a ƙarshen tasa maƙalar. Kai da ka zauna gaban malamin zaure ba baƙon abu ba ne a wurinka, isnadi ne: wane ya karɓo daga wane, shi kuma daga wane. Bambancin kawai shi ne Turawa sun mayar da abin lissafi. Wani Ba'amurke, Eugene Garfield, ya kawo shawarar a dinga ƙirga ambaton nan a 1955, ya fitar da kundin ƙirgar a 1964. A 2004 Google Scholar ya zo, kowa ya iya dubawa a intanet kyauta. A 2005 kuma wani masanin fiziya, Jorge Hirsch, ya ƙirƙiro lambar da ake kira "h": idan aka ce lambar malami 20 ce, ana nufin yana da maƙala 20 waɗanda kowace an ambace ta aƙalla sau 20. Wato ba ya isa ka yi fim ɗaya ya tashi kan gari, sai an ga kana yi ana karɓa.

Yanzu mu zo ga mutumin namu. An haifi Nok a 1962, ɗan garin Nok ne na ƙasar Jaba, garin nan da gumakan yumɓunsa suka sa sunansa ya zaga duniya. Duk digirorinsa uku a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya yi su, a fannin sinadaran jikin masu rai, na ƙarshen a 1993. Wannan kaɗai abin lura ne, domin a shekarun da ya taso ne malaman jami'a ke ta tattara komatsansu suna barin ƙasar, ɗakunan gwaje-gwaje ba wuta ba kayan aiki. Ya je Japan da Jamus da Amurka ya yi bincike, amma Zariya ce gidansa har ƙarshe.

Ayyukansa na farko-farko za su ba ka sha'awa, don a bayan gidanku suke. A 1993 shi da abokan aikinsa sun buga sakamakon gwada ruwan ganyen darbejiya a kan ƙwayar cutar a jikin ɓeraye. A 1996 suka buga wani a kan tafarnuwa. Kada dai ka ce na ce ka jiƙa darbejiya ka ɗura wa saniya. Abin da ya yi aiki a kwalbar gwaji ko a jikin ɓera tafiyarsa da nisa kafin ya zama magani.

Babban aikin nasa a kan wata tambaya ce da kowane Bafulatani ya san amsarta da ido amma ba a san dalilinta ba: me ya sa saniyar da ta kamu da sammore take ramewa, jininta ya ƙone, ta kasa ko jan ƙafa? A nan ne za ka ga isnadin da nake faɗa maka. Tun a ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980, wani likitan dabbobi na jami'ar ta Zariya, Farfesa K.A.N. Esievo, ya nuna cewa ƙwayar cutar tana fitar da wani sinadari da ake kira siyalides. Kowace jar ƙwayar jini tana da wata 'yar riga ta sukari a bayanta, wadda ke shaida wa jiki cewa ita 'yar gida ce kuma da sauran ƙarfinta. Shi siyalides aikinsa na almakashi ne, yana bi yana yanke rigar. Da zarar ƙwayar jini ta zama tsirara, sai saifa da hanta su ɗauke ta a matsayin tsohuwa, su cinye ta. Jikin saniyar ne da kansa ke hallaka jininsa, cutar ta dai yi zuga ta koma gefe. Wallahi ko a fim aka shirya makirci irin wannan sai a yaba wa marubucin.

Nok ya ɗauko zaren daga nan. A 2003 shi da ɗalibinsa Emmanuel Balogun suka buga maƙala a Journal of Biochemistry ta ƙasar Japan, inda suka nuna alamar cewa wani nau'in ƙwayar da ya fi ɓarna a shanu shi ma yana da wannan almakashi a lokacin da yake cikin jini. A da, da yawa daga masana sun ɗauka sai yana cikin cikin ƙuda yake amfani da shi. Daga nan ya bi sawun ƙwayar gadon da ke ƙera sinadarin, da tunanin cewa idan aka san ta za a iya haɗa allurar rigakafi da za ta dakushe almakashin. Wannan aiki ne ya sa aka ba shi kyautar kimiyya ta kamfanin iskar gas na NLNG a 2009, dala 50,000, sannan lambar girma ta ƙasa ta masana a 2010, sai ta Georg Forster daga gidauniyar Humboldt ta Jamus a 2013. A 2012 wasu masu bincike a Bodo ta ƙasar Faransa suka toshe ƙwayoyin gadon siyalides ɗin, suka ga cutar ta rage kaifi, wato abin da aka hango a Zariya ya tabbata a wani ɗakin gwajin da ke wata nahiya. A jami'ar Bremen kuma ɗalibansa sun je sun yi aiki, sunayensu na fitowa tare da nasa a maƙalu. A ganina wannan ya fi kowace lamba nauyi: a ce wanda bai san ka ba, ba ya jin tsoronka, ya sake gwada maganarka ya same ta daidai.

Sai dai ina da ƙorafi a kan ma'aunin, kuma gara in faɗa maka. Ambato yana bin yawan masu rubutu ne, masu rubutu kuma suna bin kuɗi. Mai binciken ciwon daji ko ciwon zuciya yana da dubban abokan fanni a Amurka da Turai da za su ambace shi. Mai binciken sammore kuwa 'yan fanninsa ba su taka kara sun karya ba, don cuta ce ta talaka da dabbarsa. Saboda haka idan ka jera lambar Nok da ta wani takwaransa na Landan ka ce wannan ya fi wancan, ka yi awon hatsi da mudun da ba na kasuwar ba. Makiyayin da ke Ladduga ko Birnin Gwari, wanda dominsa ake aikin, ba ya rubuta maƙala balle ya ambaci kowa. Ga kuma masu wayo da ke ambaton kansu da kansu, ko su haɗa baki da abokai, ka ambace ni in ambace ka, kamar yadda ake raɗe-raɗin ana yi wajen rabon kyaututtukan 'yan fim.

A 2015 Gwamna Nasiru el-Rufa'i ya ɗauko shi daga Zariya ya kawo shi Kaduna ya ba shi kwamishinan lafiya, daga baya ya mayar da shi ma'aikatar ilimi. Yawancin mutanen gari a nan suka fara jin sunansa, kuma ba ta dalilin tsando ba. Yana kan kujerar ne a 2017 aka yi wa malaman firamare jarrabawar nan da gwamnati ta ce 21,780 daga cikin kimanin 33,000 sun faɗi, gari ya ɗauki zafi, ƙungiyar malamai ta yi ta zanga-zanga. Ana tsakiyar wannan dambarwa ya rasu, ran 21 ga Nuwamba, 2017, yana da shekara 55.

Ciwon barci na mutane dai an ci ƙarfinsa. A 2009, shekarar da Nok ya karɓi kyautarsa, adadin waɗanda aka samu da shi a duniya ya sauko ƙasa da 10,000 a karo na farko cikin shekara hamsin, a 2018 kuma ya sauko ƙasa da 1,000. A wannan shekarar ce aka amince da ƙwayar magani ta haɗiya mai suna fexinidazole, bayan an daɗe ana fama da wata tsohuwar allura mai guba da ke kashe kusan mutum ɗaya cikin ashirin da aka yi wa. Sammore kuwa yana nan yana cin shanu, kuma allurar rigakafin da Farfesan ya yi buri ba ta samu ba tukuna. Ɗaliban da ya yaye a cibiyar binciken cututtukan da aka yi watsi da su, wadda ya jagoranci kafawa a Zariya da tallafin Bankin Duniya, su ne ke ci gaba da bin almakashin, kuma sunan A.J. Nok na ci gaba da fitowa a ƙarshen maƙalunsu.