Daga dara zuwa wasan yaƙi na tebur: yadda ake farawa

Wasan yaƙi na tebur wasa ne da mutum biyu ko fiye ke jera ƙananan mutum-mutumin sojoji a kan tebur ko a ƙasa, sannan su kara da juna bisa ƙa'idojin da suka amince da su tun kafin a fara.

A Turai da Amurka wasan ya zama babbar harka, mai kantuna da kamfanoni da gasa. A ƙasar Hausa kuwa ba a san shi sosai ba.

To sai dai tushensa ba baƙo ba ne ga mutanen masarautar Gumel, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar a arewacin jihar Jigawa. A wannan yanki, kamar sauran ƙasar Hausa, an daɗe ana haƙa gurabun dara a cikin rairayi a gindin bishiya, kuma wanda ya iya dara ya riga ya mallaki babban ɓangare na abin da wannan wasa ke bukata.

Yadda ake dara

Darar da ake nufi a nan ita ce mai gurabu 30, layi biyar a tsaye, shida a kwance. Kowane ɗan wasa yana riƙe da 'ya'ya 12. Ɗaya kan yi amfani da tsinkayen kara, ɗayan kuma tsakuwa ko ƙwallon dabino, domin a bambanta nasa da na abokin karawarsa.

Wasan kashi biyu ne. Da farko ana dasa 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, bi da bi, kuma ba a yarda mutum ya jera uku a wannan mataki ba.

Idan an gama dasawa, gurabu shida ne kawai suka rage babu kowa. Daga nan kowa zai riƙa gusar da ɗa guda zuwa gurbin da ke maƙwabtaka da shi, gaba ko baya ko gefe, ban da a karkace.

Duk wanda ya jera uku a layi ɗaya ya ci, sai ya cire ɗa guda na abokin wasansa. Jera huɗu ba ya zama ci. Wanda 'ya'yansa suka ragu har ba zai iya jera uku ba, shi aka cinye.

Ƙa'idojin kan ɗan bambanta daga gari zuwa gari. Zabarmawa a Jamhuriyar Nijar suna yin irin wannan wasa, suna kiransa dili, haka ma Dakarkari a jihar Kebbi.

Gwanayen dara sun san cewa tun a wajen dasawa ake cin wasa ko a faɗi. Mai dabara yakan shirya 'ya'yansa ta yadda ɗa guda zai riƙa kai da komo tsakanin gurabu biyu, kowane motsi yana cika layin uku. Haka kuma yakan toshe wa abokin karawa hanya kafin ya ankara. Wanda ya kafa tarko ya faɗa a ciki da kansa kuwa, shi ake ce wa dara ta ci gida.

Akwai kuma wani wasan da ya fi dara kama da yaƙi a wannan shiyya. A shekarun 1930 mujallar Man ta birnin Landan ta buga rahotanni kan wani nau'in shaɗaranji da ake yi a Borno mai suna tsatsarandi, wanda wasu 'ya'yansa ke ɗauke da sunayen sarauta irin su Mai da Ciroma da Kaigama.

Asalin wasan a Turai

Wasan yaƙi na zamani shi ma a kan rairayi ya fara. Wani jami'i a ƙasar Furusiya, wadda yanzu take cikin tarihin Jamus, mai suna Georg Leopold von Reisswitz, ya tsara wasa a kan teburin yashi, inda ake gina tudu da kwari da hannu, ana kuma amfani da guntayen katako a matsayin rundunoni.

A shekarar 1812 ya miƙa wa Sarki Friedrich Wilhelm na Uku ingantaccen samfurin wasan.

Ɗansa, wanda hafsa ne a rundunar igwa, ya sake fasalinsa ya buga ƙa'idojin a 1824. Ya koma amfani da taswira ta gaskiya, ya raba ɓangarorin zuwa ja da shuɗi, ya kuma sa alƙali a tsakani wanda shi kaɗai ke ganin inda kowa yake. Sunan wasan da Jamusanci Kriegsspiel, wato wasan yaƙi.

Rundunar Furusiya ta karɓe shi a matsayin hanyar horas da hafsoshi. Bayan da ta ci Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, sojojin wasu ƙasashe suka kwaikwaya. Har yau sojoji na zana filin daga a kan yashi domin bayyana wa dakaru shirin farmaki.

Fitar wasan daga bariki zuwa gidajen jama'a ta biyo bayan arahar kayan wasan yara. A 1893 kamfanin William Britain na Ingila ya fara ƙera sojojin dalma masu rami a ciki, waɗanda suka fi sauƙin kuɗi.

A 1913 marubucin nan H.G. Wells ya wallafa littafin Little Wars, wanda ake ɗauka a matsayin ƙa'idojin farko da suka yaɗu a tsakanin farar hula. A tsarinsa sojan ƙasa na tafiyar ƙafa ɗaya ta awo a kowane zagaye, mahayin doki ƙafa biyu, ana auna tafiyar da igiya. Harbi kuma da 'yar ƙaramar igwa ake yi mai cilla guntun katako, duk sojan da ta kayar ya fita.

Wells mai adawa da yaƙi ne, kuma ya yi fatan wasan zai nuna wa mutane munin yaƙi na gaske. Shekara guda bayan fitowar littafin aka fara Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Kamfanin da ya fi suna a harkar shi ne Games Workshop, wanda aka kafa a Landan a 1975, daga baya ya mayar da hedkwatarsa birnin Nottingham. Shi ya fito da Warhammer a 1983, da Warhammer 40,000 a 1987, dukansu kan yaƙe-yaƙen ƙage. A watan Disamba na 2024 ya shiga sahun manyan kamfanoni 100 na kasuwar hannun jari ta Landan.

Abin da mai farawa ke bukata

Bambancin wannan wasa da dara shi ne babu gurabu. Fili a buɗe yake, ana auna tafiya da nisan harbi da ma'auni, kuma 'ya'yan ba ƙarfinsu ɗaya ba.

Abu na farko shi ne abokin wasa, da kuma yarjejeniya kan zamanin da za a kwaikwaya. Masu farawa da dama sun yi asarar kuɗi saboda sun sayi sojojin da babu wanda zai kara da su.

Na biyu shi ne ƙa'idoji, kuma gajeru sun fi. Littafin Wells ya fita daga haƙƙin mallaka, ana samunsa kyauta a intanet.

Akwai kuma De Bellis Antiquitatis, wanda aka fi sani da DBA, da aka fara bugawa a Ingila a 1990. A cikinsa kowane ɓangare na da rukuni 12, daidai da yawan 'ya'yan dara, kuma galibi wanda ya fara rasa rukuni huɗu shi ya sha kashi. Filin yawanci kusan santimita 60 ne tsawo da faɗi idan ƙananan sojoji ne, ana kuma iya gama wasa cikin kusan sa'a guda.

Na uku shi ne sojojin kansu. Ana sayar da su bisa tsayi, waɗanda suka fi yawa su ne masu milimita 28 da masu milimita 15. Yawanci suna zuwa ba fenti, mai su ne zai haɗa su da gam, ya shafa musu farar ƙasa ta fenti, sannan ya bi da launuka da siririn buroshi. Ga mutane da yawa wannan aikin hannu ya kai wasan daɗi.

Na huɗu shi ne fili. Manyan wasanni kan ci tebur mai ƙafa shida da ƙafa huɗu, amma tabarma ko share wuri a tsakar gida ya wadatar. Tef ɗin tela ya isa ma'auni.

Matsalar kuɗi

Sojojin da kamfanoni ke ƙerawa daga waje ake shigo da su, da fam ko dala ake biya, ga kuɗin dako. Faduwar darajar naira tun bayan sauya tsarin canji a watan Yuni na 2023 ta ƙara nisanta su daga aljihun matashi a Gagarawa ko Sule Tankarkar.

Sai dai ƙa'idojin ba su damu da abin da aka yi soja da shi ba, muddin kowa ya gane wane ne wane. Yaran ƙasar Hausa sun saba gina dawaki da shanu da yumɓu, da ƙera mota da karan dawa. Wannan fasaha ta isa ta samar da runduna.

Ana iya yanka kwali gida-gida daidai wa daida, a liƙa marafan kwalba ko guntayen kara a kai, kowane kwali ya zama rukuni guda. Ganuwa kuma da laka ake ginawa, tsakuwa ta zama dutse, zare shuɗi ya zama kogi.

Tarihin gida a kan tebur

Mai neman yaƙin da zai kwaikwaya ba sai ya je Turai ba. An kafa masarautar Gumel ne wajajen 1750 ƙarƙashin Ɗan Juma da mabiyansa Mangawa, ta kuma kasance ƙarƙashin Borno. Ba ta shiga daular Sakkwato ba bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo.

Wannan ya sa ta zauna a tsakanin maƙwabta masu ƙarfi. Tun daga 1828 ta sha gwabzawa da Haɗejia da Kano da Damagaram, kuma a cikin wannan zamani aka dawo da fadar daga Tumbi zuwa garin Gumel na yanzu. Yaƙi da Haɗejia ya ci gaba har 1872. A 1903 masarautar ta shiga hannun Turawan Ingila.

Rundunonin wancan lokaci sun rabu kashi-kashi ta yadda za su zauna daidai a kan tebur. Akwai 'yan lifidi, waɗanda su da dawakansu ke lulluɓe da kauri mai tare kibiya, amma nauyi ya hana su sauri. Akwai barade masu saurin kai hari, da dakaru masu mashi da garkuwa, da 'yan baka. Damagaram a zamanin Sarki Tanimu ta yi suna da bindigogi da igwa. Littafin Joseph Smaldone na 1977 kan yaƙi a daular Sakkwato ya yi bayanin irin wannan tsari dalla-dalla.

Alal misali, 'yan wasa na iya yarda cewa dakaru su yi tafiyar taƙi ɗaya, barade taƙi biyu, 'yan lifidi ɗaya da rabi. 'Yan baka su yi harbi daga nisan taƙi biyu, amma kibiyarsu ba ta cin 'yan lifidi sai rukuni biyu sun haɗu a kan guda. Wanda ke bayan ganuwa kuma a lissafa ƙarfinsa ninki biyu.

Masu wasan a wasu ƙasashe sukan yi hattara da yaƙe-yaƙen da har yanzu ke sosa rai. Gumel da Haɗejia a yau 'yan jiha ɗaya ne, kuma jikokin waɗanda suka yi yaƙin suna raye, don haka wasu kan fi son sa wa rundunonin ja da shuɗi kawai.

Batun addini da caca

Yawancin ƙa'idojin zamani na amfani da ɗan lido, wato ƙwayar nan mai fuska shida, wajen yanke sakamakon arangama. A nan ne mai farawa a Jigawa, ɗaya daga cikin jihohin da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, zai gamu da tambaya.

Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukan malamai a faɗin ƙasar Hausa, ya hana wasan nardi, wanda da irin wannan ƙwaya ake yinsa, ya kuma hana shaɗaranji. A mazhabar Shafi'iyya an sassauta kan shaɗaranji idan babu kuɗi a ciki kuma bai shagaltar daga salla ba. Haka kuma malamai da dama ba sa amincewa da ƙera siffar abu mai rai.

Tarihin wasan ya nuna cewa ana iya yinsa ba tare da waɗannan abubuwa biyu ba. Hafsoshin Furusiya da guntayen ƙarfe da katako marasa siffa suka yi nasu. A 1876 kuma wani hafsa mai suna Julius von Verdy du Vernois ya fito da tsarin da ya jingine jefa ƙwaya, ya bar hukunci a hannun alƙali masani. Shi ma Wells bai yi amfani da ƙwaya ba, ƙidayar sojojin da suka haɗu ce ke raba gardama.

Sa kuɗi dai ba ya cikin ƙa'idojin wasan, kuma shi ne abin da ya ɓata sunan karta da lido a idon iyaye. Wanda ke da shakka kan sauran, malamin unguwa ne ya dace ya tambaya kafin ya tara abokai.

Ga wanda ya samu natsuwa, matakin farko ba ya cin ko sisi. Zai iya zuwa inda dattawa ke dara da yamma, ko a gefen kasuwar Maigatari da ke ci ranar Alhamis, ya zauna ya kalli yadda ake dasa 'ya'ya 12, kafin ya koma gida ya yanka kwalayensa.