Daga Ina Awon Katifa Ya Samo Asali?

A kasuwar 'yan katifa, ko a Kano ko a Kaduna, ciniki yana farawa ne da lamba: uku da shida, huɗu da rabi, shida da shida. Mai saye yakan ɗauka cewa wani gwani ne ya auna jikin ɗan Adam ya fitar da waɗannan lambobi. Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba. Abin da nake gani shi ne, awon katifa gadon masana'antu ne da na ma'aunin da kowace ƙasa ta tashi da shi, kuma wannan ne dalilin da ya sa har yau duniya ba ta haɗu a kan awo ɗaya ba.

Kafin zamanin inji, shimfiɗa ce ke bin gado. A ƙasar Hausa akwai gadon kara, akwai gadon ƙasa da ake ginawa a jikin ɗaki, har a bar rami a ƙarƙashinsa don hura wuta lokacin hunturu. Mai ɗinkin katifa yakan zo ya auna gadon da kamu ko da igiya, ya yanka yadi daidai da shi, ya cusa auduga ko audugar rimi, ya ɗinke. Babu wanda zai ce katifa ta fi ƙarfin gado, domin dominsa aka yi ta. A Turai ma haka abin yake. Shahararren gadon garin Ware na Ingila, wanda aka sassaƙa wajen shekarar 1590 kuma yake ajiye a gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan, faɗinsa ya haura mita 3. Kafinta da mai kuɗin ne suka yanke wannan awo tsakaninsu, ba wata hukuma ba.

Inji ne ya juya lamarin. A ƙarni na 19 masana'antu suka fara ƙera gadon ƙarfe dubu-dubu, sannan katifa mai sifirin ta biyo baya. James Marshall ya fito da dabarar sanya kowane sifirin a cikin aljihun yadi a Kanada wajen 1900, kamfanin Simmons na Amurka kuma ya baza irin wannan katifa a kasuwa da sunan Beautyrest a 1925. A 1929 masana a kamfanin Dunlop na Ingila suka gano yadda ake kumbura ruwan roba ya zama soso, a 1937 kuma, a Jamus, Otto Bayer ya samar da sinadarin da daga baya aka riƙa yin katifar soso mai araha da shi. Duk waɗannan kaya ne da ba a yin su a tsakar gidan mai saye. Masana'anta tana yin katifa ne domin mutumin da ba ta taɓa gani ba, ga gadon da wata masana'antar ta ƙera, da zanin gadon da wata ta uku ta saƙa. Dole su ukun su tsaya a kan 'yan lambobi kaɗan, in ba haka ba kayan wani ba zai shiga na wani ba. Daga nan gado ya koma bin katifa, kuma kowace ƙasa ta tsayar da lambobinta da ma'aunin da ke hannunta.

Dubi inda aka kwana. A Amurka katifar mutum ɗaya inci 38 ce da 75, ta mutum biyu ta da inci 54 da 75. Manya biyun, Queen mai inci 60 da 80 da King mai inci 76 da 80, sun samu karɓuwa ne daga shekarun 1950, lokacin da aka shiga gina gidaje masu manyan ɗakunan kwana a bayan gari. Lambar 76 ɗin kanta tana tona asirin asalinta: katifun mutum ɗaya guda biyu ne aka jera, 38 sau biyu. A Ingila kuwa abin da ake kira King ƙafa 5 ne da 6 da rabi, wato kusan daidai da Queen ta Amurka, ta gaza King ta can da inci 16 cur a faɗi. Faransa da Jamus da maƙwabtansu suna lissafi da santimita, faɗin ya tashi daga 90 zuwa 140, 160, 180. Nijeriya ta gaji ƙafa da inci daga Turawan Ingila, shi ya sa katifar da muke kira huɗu da rabi yawanci inci 54 ce da 75, awon katifar mutum biyu ta Ingila ke nan, kuma tsawon da muke cewa ƙafa shida a zahiri ya ɗara da inci 3. A tsallaken iyaka, a Maraɗi ko Damagaram, ana sayar da katifa ne da adadin masu kwanciya, ta mutum ɗaya, ta biyu, ta uku, a auna ta da santimita irin ta Faransa. Mutane iri ɗaya ne, harshe ɗaya, ƙira ɗaya, amma awon shimfiɗarsu ya rabu daidai inda mulkin mallaka ya raba su.

Wani zai ce ai jiki ba ya rasa hannu a ciki, tunda ba a yi katifa mai tsawon mita ɗaya ga baligi ba. Gaskiya ne, kuma shi ya sa tsawo bai cika bambanta ba: kusan ko'ina yana tsakanin santimita 190 da 200 da ɗoriya. Amma a faɗi ake samun saɓani, kuma nan jiki bai da ta cewa sosai. Katifa mai inci 54 tana ba kowane ɗaya daga ma'aurata inci 27 kawai, ƙasa da abin da mutum ɗaya ke samu a tasa da inci 11, amma ta yi shekaru da dama ita ce gadon aure a Amurka da Ingila. Ba mutanen ne suka yi faɗi dare ɗaya ba sa'ad da suka koma babba. Ɗakinsu ne ya ƙara girma, aljihunsu ya ƙara nauyi, masu talla kuma suka koya musu son sarari.

Wani kuma zai ce to mene ne laifin tsayayyen awo, tunda shi ya kawo araha? Ban musa amfaninsa ba. Masana'antar da iyalan Moukarim suka kafa a Kano a 1959 tana ƙera gadon ƙarfe, wadda daga cikinta aka samu kamfanin katifa na Mouka, da kamfanin Vitafoam da aka kafa a Legas a 1962, sun sa katifa ta shiga gidajen da a da tabarma ce kawai, har ta zama ginshiƙin kayan ɗakin amarya. Damuwata ita ce mutane suna ɗaukar awon a matsayin na duniya baki ɗaya, alhali na ƙasa-ƙasa ne. Yau ana shigo da gado daga Turkiyya ko Sin mai awon santimita, a saya masa katifar gida mai awon inci, a nemo zanin gado daga Dubai, sai a ranar jere a tarar da giɓi a wajen ƙafa, ko katifa ta ƙi zama. Asarar kan iyayen amarya take faɗawa, waɗanda suka yi shekaru suna tari.

Saboda haka duk wanda zai sayi katifa, ya fara auna cikin gadon da tef, tsawo da faɗi da zurfi, ya rubuta lambobin da inci da santimita, sannan ya sa mai shago ya auna katifar a gabansa kafin ya biya.