Baƙunta

baƙunta (sn., mc.) daga baƙo, baƙuwa, baƙi.

1. Zaman mutum a garin da ba nan aka binne cibiyarsa ba. Ana gaida sabon zuwa da "Yaya baƙunta?" Garin Keffi ma baƙi suka kafa shi: wajen 1800 Abdu Zanga, Bafulatani daga ƙasar Katsina, ya sauka da jama'arsa, ya kewaye wurin da kafi. Baƙin yau kuwa, ɗaliban Jami'ar Jihar Nasarawa ne, da ma'aikatan Abuja da tsadar haya ta koro.

2. Ɗari-ɗari da noƙewar yaro a sabon wuri. Ka ga yarinyar da rikici ya raba iyayenta da Borno, ta rakuɓe a ƙarshen benci, amsa na bakinta amma ta ƙi ɗaga hannu, don kada a kwaikwayi Hausarta. Malami mai gaggawa sai ya ɗauka daƙiƙanci ne, alhali ba shi ba ne. Ranar da ƙawaye suka kira sunanta a filin gaɗa, ranar take sakin jiki. Misali: "Malam, a bi ta a hankali, baƙunta ce."

3. (adabi) Jigo a littattafan yara, har da masu zuba labari cikin baitoci. A littafin Other Words for Home na Jasmine Warga (2019), wata yarinya mai suna Jude ta baro Siriya da mahaifiyarta zuwa Amurka, har ta yi ƙarfin halin shiga wasan kwaikwayon makaranta. Marubutanmu, yaran Keffi ma suna da irin wannan labari. A rubuta musu da Hausa.